Ranar da addu'ar gida ta faɗo a kanka

Uwar gida daga Kafanchan, shekara 34:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Wata uku ke nan da muka binne Kaka. Ita ce take tashinmu ƙarfe biyar na asuba, ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkinta, fassarar 1932, wanda bangonsa ya yage ta ɗinke da zaren buhu. Da masu gaisuwa suka watse, muka taru a falo yadda aka saba, sai kowa ya zuba mini ido, don ni ce babba. Na buɗe baki, na ji kalmomin Kaka ne kawai ke fitowa, bi da bi yadda take jera su. Ina shekara 15 aka yi mini baftisma, na daɗe a ƙungiyar mawaƙa, amma ran nan na gane ashe goye nake a bayanta. Wa ya taɓa shiga irin wannan? Yaya kuka yi?

Ɗalibi a Zariya, shekara 20:
Sannu da haƙuri, Anti. Ni ba rasuwa ba ce, nisa ne. Makon farko a makaranta ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa ran Lahadi, sai na yi barci har rana ta take. Sati uku a jere. Abin da ya tsorata ni shi ne ban ma ji zuciyata ta dame ni ba. A sakandare ni ne sakataren FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, ashe tsoron Baba da ƙararrawar makaranta ne suke kai ni sujada. Ran da na tashi na goge rigata na tafi, ba wanda ya sani, ba wanda zai yaba, nan na fara ƙirga tafiyata.

Magidanci daga Jos, shekara 52:
Ƙanwata, abin da ya same ki ba abin kunya ba ne. Bulus da kansa ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a cikin kakarsa da mahaifiyarsa kafin ta zauna a cikinsa (2 Timoti 1:5). Gado ne mai kyau, sai dai gonar gado ma sai an yi mata noma.

Ni nawa ya zo da ciwon matata. Shekara 19 muna tare, ita ke tara yara da dare, ni ina shago ko ina taron dattawa. A ikkilisiya kujerata tana gaba, ina raba jibin Ubangiji, ana ce mini Baba Dattijo. Da aka kwantar da ita asibiti wata biyu, daren farko autarmu ta miƙo mini Littafin Waƙoƙi ta ce, "Baba, wace za mu rera?" Ban san wadda suke rerawa ba. Ban san cewa ɗana na biyu yana tsoron jarrabawa har ba ya barci ba, sai da na ce kowa ya faɗi abin da za a yi masa addu'a. Na zauna a tabarma ina jin 'ya'yana kamar baƙi. Ibraniyawa 5:12 tana maganar waɗanda ya kamata a ce sun zama masu koyarwa, amma har yanzu madara suke bukata. Na yi wa'azi a kan ayar nan sau nawa, ban taɓa tunanin da ni take ba. Matata ta warke, mun gode wa Ubangiji, amma ban mayar mata da nauyin duka ba. Yanzu takwas na dare ta same ni a gida, ko da ciniki na ci.

Mama daga Biu, 'yar Zumuntar Mata, shekara 61:
'Yata, ki daina ƙoƙarin zama Kakarki. Da maigidana ya rasu na shekara guda addu'ata ba ta wuce "Ubangiji, ka gani." Matan zumunta ne suka riƙe ni. Duk Talata su zo da tulunsu da gangarsu, su yi waƙa a tsakar gida, ni ina zaune ina tsinke yakuwa, ban buɗe baki ba, ba kuma wadda ta matsa mini. Wata rana na ji ina amshi ban sani ba.

Abu ɗaya nake ƙi, shi ne yadda muke auna girma da tsawon addu'a. Na ga masu addu'ar awa guda da ba sa gaisawa da matar ƙaninsu. In kin iya faɗa wa Allah gaskiya cikin jimla biyu, yaranki suna ji, ya fi ki ari bakin wani.

Malamin makarantar Lahadi daga Kaduna, shekara 41:
Mama, na yarda, sai dai kada mu raina maimaitawa. Yaro da kwaikwayo yake koyon magana. Addu'ar Ubangiji ma haddace ta muka yi kafin mu san ma'anar gafara.

Tsohon mai bishara daga Maraɗi, shekara 78 (jikana ke rubuta mini):
'Ya'yana, ku bari in faɗi nawa daga ɗaya gefen, gefen wanda ake karɓar kayan daga hannunsa. Na yi shekara 40 ina yawon ƙauyuka a kan keke, tun zamanin da ake rera waƙoƙin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a dandali. Shekara uku ke nan idona ya daina ganin rubutu. Ran da ɗana ya karɓi Littafin daga hannuna ya ce, "Baba, bari in karanta," na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ya yi tuntuɓe a sunaye, ya gajarta addu'a, bakina yana ƙaiƙayi in gyara masa.

Sai na tuna abin da Yesu ya gaya wa Bitrus a Yahaya 21:18, cewa da yana saurayi shi ke ɗaura wa kansa ɗamara ya tafi inda ya ga dama, amma in ya tsufa zai miƙa hannu wani ya ɗaura masa. Na san maganar mutuwar Bitrus ake yi, amma ta taɓa ni a nan. Koyon yin shiru ya fi mini wuya a kan koyon wa'azi. Kuskurena kuwa, tun suna ƙanana ban riƙa ba su dama ba, komai ni. Masu yara, ku miƙa musu Littafin tun kuna gani, kada ku jira ido ya tilasta ku.

Uwar gida daga Kafanchan:
Na gode Baba, na gode Mama, na gode duka. Yau da asuba ban taɓa kalmomin Kaka ba. Na ce wa Allah ina kewarta, ina kuma jin tsoron riƙe gidan nan, na yi kuka gaban yara. Ɗana mai shekara 9 ne ya karanta Zabura 23 daga littafinta, yana bin layi da yatsa, tsohuwar Hausar tana ba shi wuya. Gobe ƙanwarsa ce za ta zaɓi waƙa.