Dan Allah me za mu kira wannan patch ɗin da Hausa?

Mai jaka: Salamu alaikum jama'a. Jakunkunan fata nake ɗinkawa, na goyo da na ratayawa, to yanzu duk saurayin da ya zo sai ya ce a sa masa patch irin na sojan Amurka a gaban jakar, wani tuta yake so wani kan zaki wani kuma sunansa da rukunin jininsa. Damuwata in na zo rubuta talla a WhatsApp sai in tsaya cak, ga shi kwastomomina da yawa mutanen Maraɗi da Damagaram ne, Faransanci suka yi a makaranta, in na rubuta da Turanci sai sun kira suna tambayar mene ne. Ya sunansa da Hausa?

Ɗan bayan layi: Ai faci ne malam, kalmar ma daga can muka aro ta, meye na wahalar da kai.

Mai jaka: Haba yallaɓai, in rubuta "sabuwar jaka mai faci"? Wallahi cewa za a yi hujewa ta yi na kai ta wajen mai facin taya na dawo ina neman wanda zan maƙala wa.

Baba baduku daga Ƙofar Wambai: Yaro ka yi gaskiya, faci ya fita. Maho ma da wasu za su kawo maka ya fita, shi ma toshe yagewa ne, riga ta mutu a sa mata maho. Mu dukawa ba mu taɓa rasa sunan kayanmu ba, zabirar wanzami daban, gafakar malam daban, ga burgami ga alabe ga kube. Kuma yanka jar fata ko korino a ɗora a kan wata fatar a bi da basilla tun kakanni ake yi, sai dai wancan ado ne kawai, wannan naku kuwa magana yake yi, yana faɗin wane ne mai jakar ko daga ina yake. Sai ku nemo sunan da ke ɗauke da wannan.

Ɗan bariki: Baba Allah ya ƙara girma. A bariki na taso, kuma can kowane abu da sunansa, igiya ta hannu ce, kofur biyu saje uku, anini kuma na kafaɗar hafsa. Wannan na damtse da ke nuna rundunar mutum a sojan Amurka ya samo asali ne a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, runduna ta 81 ce ta fara ɗinka hoton muzurun daji a kafaɗa, daga baya aka ce kowace runduna ta yi nata. Ni da lamba zan ce, kamar lambar girma.

Mai jaka: Lamba ta yi ma'ana yayana amma ka san mutanenmu, ina cewa "za a sa maka lamba" zai fara karanto min sifili takwas sifili. Tambari ma na yi tunaninsa, to shi kuma ya riga ya tafi wajen sarauta da alamar kamfani, shi ne wanda nake bugawa da ƙarfe mai zafi a murfin jaka.

Hajiya tela: Ikon Allah, maza kuna ta zagaye. Bajo ne fa! Duk uwar da ta taɓa kai ɗinkin yunifom ta san bajon makaranta, a ɗinka a aljihun riga ko a gaban hijabi, da hoto da rubutu, yana nuna inda yaro ya fito. Meye bambancinsa da naku in ba tsada ba? Wasu su ce baje, duk ɗaya ne.

Ɗan bayan layi: To Hajiya ai shi ma bajon aro ne.

Hajiya tela: Sojan fa? Da saje da kofur da barikin kansa, gadonsu ka yi? Kalmar da ta kwana a bakin kakata ta zama tamu.

Baba baduku daga Ƙofar Wambai: Hajiya ta gama magana.

Mai jaka: Na karɓa hannu bibbiyu. Saura guda, wanda aka fi so yanzu ba a ɗinke shi a jikin jaka, bayansa akwai abin nan mai ƙarrr in ka ɓamɓare, Velcro, yau ka manna tuta gobe ka canza. Shi kuma fa?

Ɗan bariki: Wannan kam ƙarangiya zan ce kuma ba wasa nake ba. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, a 1941 ya dawo daga daji ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a wandonsa da gashin karensa, ya duba da madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙananan ƙugiyoyi ne, daga nan ya kwaikwaya. Tasu ciyawar daban ce da tamu amma aikin ɗaya ne, duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya zauna yana tsince ƙafar wando ba sai an yi masa bayani ba.

Hajiya tela: Ƙarangiya ta zauna daram. Amma ƙanina ka kula, ɓarin mai laushi shi ake ɗinkawa a jaka, mai ƙayar a bayan bajo, in ka juya su jakar za ta dinga cin mayafin mutane a cikin adaidaita. Kuma kar ka yarda da gam shi kaɗai a kan fata, zafin bazara ɗaga shi yake, ka bi gefen da keke.

Ɗan bariki: Ni kuma nawa jan kunnen, kar ka kuskura ka kwaikwayi bajon sojan Najeriya na gaske ko na 'yan sanda ko nawa aka ba ka. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen bincike kafin a saurari bayanin kwastomanka ya sha tsallen kwaɗo, in aka matsa shi shagonka zai nuna. Ka tsaya a dagin Arewa, zaki, doki, suna.

Mai jaka: Na gode ƙwarai. To ga yadda zan dinga rubutawa: bajon fata, bajon zare, bajon roba, sannan ko na ɗinki ko mai ƙarangiya. Tallar yau ma na gyara, "jakar goyo ta fatar akuyar Sakkwato, da bajo mai ƙarangiya guda biyu kyauta". Mutanen Nijar in akwai yadda kuke ce masa a can ku faɗa min in haɗa.

Ɗan bayan layi: Shi ke nan an kayar da ni. Mai dagin Arewan nawa ne, kuma kana aikowa Kaduna?