Dardumar ulu ta jiƙe da damina, yanzu asu na cinye ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar masu sani, abin nan ya hana ni sukuni.

A Garwa nake. Ina da dardumar ulu, ja mai farin gefe, wadda marigayiya mahaifiyata ta zo da ita daga Makka. A kanta take salla har Allah ya karɓi ranta. Cikin watan Agusta kwanon ɗakina ya yi yoyo, kusurwa ɗaya ta sha ruwa ban sani ba sai da warin raɓa ya tashi. Tabarmar kaba da ke ƙarƙashinta duk ta yi baƙin funfuna, ita kam na yar.

Kuskurena shi ne na wanke dardumar da ruwan zafi da omo. Wurin ya tsuke, ja ya zuba cikin fari. Daga baya na ji ashe ulu ba ya son ruwan zafi.

Yanzu kuma in na ɗaga gefen sai in ga 'yan tsutsotsi farare, gashin yana zuba kamar gari, har zaren ƙasa ya fito wajen faɗin tafin hannu. Na zuba busasshen ganyen darbejiya, na sa kafur, ba su daina ba.

In shanya ta a rana ne? Ina tsoron ranar Garwa ta kashe launin. Ruwan khal zai fitar da warin kuwa, ko zai ƙara ɓata jan? Kuma akwai masu saƙa a Garwa ko Marwa da ke gyara wurin da asu ya ci?