Wane suna za mu ba GDNF da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Kalma biyu nake nema mu fassara zuwa Hausa, giliya (ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa) da GDNF (gajeren sunan Turanci na wani furotin da ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya su rayu), kuma ɗaya ba ta zama sai da ɗaya.

Ga inda maganar ta taso. A cutar Parkinson, ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, wato sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, ne ke mutuwa, sai karkarwa da sandarewar jiki su biyo baya. Tun wajen 1987 likitoci a Lund ta Suwidin suka fara dasa wa marasa lafiya sababbin ƙwayoyi daga ɗan tayi. Nan ba mu da matsala, "dashe" ta zauna daram, tunda kowa ya san dashen ƙoda. Sai dai ƙwayoyin ba sa jure tafiyar. An yanko su, an wargaza su cikin ruwa, an zuƙe da siririyar allura, an tura su cikin ƙwaƙwalwa inda babu jijiyar jini ko ɗaya da ta iso gare su tukuna. Galibi abin da ke rayuwa bai wuce ɗaya cikin goma ba, kuma yawancin mutuwar a makon farko take aukuwa.

GDNF furotin ne da aka gano a 1993 daga ƙwayoyin giliya. A gwajin ɓeraye, in an jiƙa dashen da shi ko an riƙa ɗiga masa bayan aiki, ƙwayoyi da yawa kan tsira, su miƙa rassa.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙwayoyin manne" don giliya. Ta fuskar asali yana da hujja, kalmar Girkanci ce mai nufin abin liƙi, kuma Rudolf Virchow na Jamus ya raɗa ta a 1856 yana zaton aikinsu riƙe jijiyoyi wuri guda ne kawai. To amma yau an san suna ciyar da jijiya, suna naɗe ta, suna share mata datti. Me zai sa mu gaji kuskuren wani?

An kuma ce "sinadarin girma" don GDNF. Wannan ma ban karɓa ba. Mai karatu zai ɗauka sinadarin nan ne da ke sa yaro tsawo, alhali abin da ake nema a nan kada ƙwayar ta mutu. "Taki" ta burge ni, don ta dace da dashe, amma taki daga waje ake kawo shi, wannan kuwa jiki da kansa ke yin abinsa.

Ni dai raino na zaɓa. Giliya su zama "ƙwayoyin raino", GDNF da danginsa "sinadaran raino". Ku gwada a baki: "An jiƙa dashen da sinadarin raino kafin a dasa." Ba sai an yi sharhi ba.

Inda nake da ɗar-ɗar shi ne wasu giliyar, masu aikin garkuwa, kan tayar da kumburin da ke cutar da dashen. Shin sunan raino zai ɗauke su? Malamanmu na likitanci, ku faɗa mana.