Neman suna da Hausa ga cutar filanta fashiyaitis

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wata takardar wayar da kai a kan cututtukan ƙafa, sai na iso kan wadda likitoci ke kira filanta fashiyaitis. Targaɗe da gocewa da karaya duk suna da sunayensu, wannan ce kawai ta tsaya mini. Na sa "ciwon dunduniya" na wucin gadi, ina kuma neman shawarar masana.

Likitan ƙashi: Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon dunduniya ya yi faɗi da yawa, domin mai faso da mai ciwon agara da wanda ƙashin dunduniyarsa ya tsage duk za su ce shi ne ke damunsu, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda kake nufi tana kama wani zare ne mai kauri da tauri da ya taso daga ƙashin dunduniya ya miƙe har gindin yatsu. Alamarta ba ta ɓuya: takun farko bayan tashi daga barci shi ne mafi zafi, ciwon ya lafa idan an ɗan taka, ya dawo bayan dogon zama ko doguwar tsayuwa. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu wasan guje-guje, da waɗanda aikinsu na tsaye ne.

Malamar jinya: Likita, ni a ganina "kumburin jijiyar tafin ƙafa" ya wadatar, tunda da shi marasa lafiya suke saurin gane mu.

Likitan ƙashi: Hajiya, ina da ja a kan kalmomin biyu. Jijiya ta riga ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta, ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙon ji, ita ce kuma mai ɗaure tsoka da ƙashi, don haka mai ciwon suga da ƙafarsa ke masa kamar ana tsira allura zai ɗauka da shi ake. Kumburi kuwa kuskure ne da za mu gado daga sunan Turancin, wanda ƙarshensa ke nufin kumburi. Binciken da aka wallafa a 2003 a kan naman waɗanda aka yi wa tiyata ya nuna zaizayewa da ƙananan yagewa ne, ba kumburi ba, har wasu likitoci suka koma kiran cutar fashiyosis, wato zaizayewar zaren. Wanda aka ce masa kumburi ne zai duba ƙafarsa bai ga ta tashi ba, ya ce ba a gano ciwonsa ba.

Malamin Hausa: Da izininku, ina ba da shawarar tsirkiya, wato igiyar bakan harbi. Ƙasusuwan tafin ƙafa sun lanƙwashe ne kamar baka, wannan zaren kuma shi ya ɗaure bakin nan da wancan ya hana su bajewa, wanda shi ne ainihin aikin tsirkiya. Duk mai shakka ya ɗora ƙafarsa a kan cinya, ya ja babban yatsa sama, ya shafa tafin da ɗaya hannun, zai ji ta miƙe cir a ƙarƙashin fata. Tantani ya zo mini a rai, amma ya yi siriri da laushi ga abin da ke ɗaukar nauyin mutum. Sai mu ce "ciwon tsirkiyar ƙafa".

Likitan ƙashi: Na gamsu, Malam, musamman da yake sunan zai sauƙaƙa bayanin magani. Abin da muke faɗa wa mara lafiya shi ne ya riƙa miƙar da tsirkiyar da sha-raɓa kafin ya sauko daga gado, ya sa takalmi mai laushin dunduniya, ya rage tsayuwa, ya ɗora ƙanƙara idan zafin ya tsananta. Kusan tara cikin goma sukan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Kada kuma a sa tsinin ƙashin dunduniya da hoto kan nuna a cikin sunan, domin mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai.

Malamar jinya: Na amince, da sharaɗin a yi wa kalmar bayani a farkon ambatonta, saboda matasa da dama ba su taɓa riƙe baka ba.

Mai fassara: Na gode muku ƙwarai. Zan rubuta "ciwon tsirkiyar ƙafa", in biyo shi da jimla ɗaya ta bayani kamar yadda Hajiya ta nema.