Robar fitsari tana sa Baba jini da murɗawar mara, ko canza iri zai taimaka?

Assalamu alaikum. Don Allah ma'aikatan lafiya ku taimaka min, ina nan Sakkwato.

Baba yana da shanyewar ɓarin jiki, wata huɗu kenan da anka sa mishi robar fitsari, irin ruwan ɗorawan nan ta roba mai laushi (latex), lamba 18, wadda ake hura ƙwallon da ke riƙe ta cikin mafitsara da ruwa mil 10. Matsalar ita ce duk sanda jakar ta janye fitsarin tas sai ya fara riƙe mara yana cewa kamar ana tsikarinshi daga ciki, fitsari ya riƙa biyo gefen robar yana jiƙa zane, wani lokacin har da ɗigon jini a cikin bututun, musamman in mun juya shi.

Munka yi gwajin fitsari, anka ba shi antibayotik ya shanye, ba zazzaɓi amma ciwon yana nan. Munka ƙara mishi ruwan sha duk da zafin nan, munka ɗaure robar a cinya don kar ta ja, jakar kuma kullum tana ƙasa da mara. An canza robar sau uku, duk iri ɗaya, kuma ta ƙarshe bakinta ya fito da farin abu kamar kanwa.

Wata nas ta ce min tsinin robar da ya wuce ƙwallon shi ke gogar fatar cikin mafitsara in mafitsarar ta motse, ramukan gefen kuma suna tsotso fatar. Wallahi kukanshi da dare yana hana ni barci.

Tambayata: in munka nemi likita ya koma ta silikon, ƙarama kamar lamba 14, hakan zai rage gogar nan da jinin?