Shin Tarayyar Najeriya a Baki Kawai Ta Tsaya?

Malam, daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ni a ganina abin da muke kira tarayya suna ne kawai. Kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya abubuwa 68, daga soja da kuɗi har zuwa ma'adinai, kuma sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa. Gwamna yana iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan yana da damar neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa tukuna. Wanda ba shi da iko da ko kurtu ɗaya, ina ikonsa a kan tsaron jiharsa?

Barista, daga Kongo: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, da gyara. Ma'aunin tarayya shi ne kowane mataki ya sami ikonsa daga kundin kai tsaye, ta yadda ɗaya ba zai soke ɗaya ba. Shugaban ƙasa ba ya iya rushe jihar Kaduna, kuma ba a taɓa kundin sai da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ta wannan hanya ce a 2023 aka ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, aka kuma faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki.

Malam: Barista, ikon da ba kuɗi a bayansa ai riga ce ba wuya. Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun ƙasa, jihohi duka su raba 26.72.

Baba, daga Kwarbai: 'Ya'yana, ku bar ni in tsoma baki, domin mun ga zamanin 'yan doka da idonmu. A lokacin jihar Arewa tana da kundinta, 'yan sandan gida kuma suna hannun hukumomin gargajiya. Ina yaro na ga an wuce da wani tela ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU da igiya a ƙugu, zare yana rataye a wuyansa, alhali laifinsa bai wuce halartar lacca ba. Kafin ku nema wa gwamna 'yan sanda, ku gaya mini wanda zai riƙe hannunsa ranar zaɓe.

Hajiya, daga Sabon Gari: Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Gwamnonin da ke kukan Abuja ta danne su, su ne suka riƙe kuɗin ƙananan hukumomi 774, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Malam, ikon da kake so a ƙwato daga Abuja, a Kaduna zai tsaya ko zai iso Zariya?

Malam: Hajiya, na karɓi wannan, amma ban janye maganar kuɗin ba.