Ɗiyata kurma ce: makarantar masu ji zan kai ta, ko ta kurame?

Uwar Ɗiya:
Assalamu alaikum. Ɗiyata ta cika shekara 6, kuma cutar sanƙarau ce ta tafi da jinta tun tana goye. Akwai makarantar firamare kusa da mu inda yayyenta suke karatu, akwai kuma makarantar kurame ta kwana, mai nisa. Mahaifinta yana ganin zama cikin masu ji ne zai saba mata da jama'a, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ina neman shawarar waɗanda suka san al'amarin.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun bayan sanarwar Salamanka ta 1994, wadda aka fitar a ƙasar Sifaniya ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ake ƙarfafa haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya, kuma manufar tana da kyau. Sai dai na taɓa koyar da yaro kurma, na zaunar da shi a layin gaba ina zaton na sauke nauyi, alhali duk lokacin da na juya ga allo ina rubutu ina bayani, darasin ya wuce shi. Karanta leɓe ma bai cika fitar da shi ba, domin "b" da "m" kamanninsu ɗaya a baki. Ki fara tambayar shugaban makarantar ko akwai wanda ya iya maganar hannu a cikin malamansa.

Tsohuwar Ɗaliba:
Yaya, ni kurma ce, kuma a makarantar masu ji na yi firamare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin tara, ba aji ba. Yara su kewaye juna suna hira, in ga sun fashe da dariya, sai ni ma in yi don kada a gane ban san abin da aka faɗa ba. Sai da na shiga sakandaren kurame na san daɗin gardama da ƙawa har dare ya yi. Duk inda kika kai ta, don Allah ki nema mata kurame 'yan'uwanta.

Tafinta:
Hajiya, maganar 'yar'uwar nan abar dubawa ce. A taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na ƙasar Italiya a 1880 aka yanke cewa a koyar da kurame da baki, aka kori maganar hannu daga makarantu da yawa, kuma an daɗe ana ɗanɗana kuɗar wannan hukunci. Shi ya sa sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya ambaci koyon maganar hannu ƙarara. Ko da tafinta a aji, yaro ba zai iya kallon hannun tafinta yana kuma rubutu a lokaci guda ba, dole malami ya riƙa dakata masa. Kuma tafinta ba ya amfanar yarinyar da ba ta riga ta mallaki harshen ba. Ku ma a gida ku koya, har da mahaifinta.

Uwar Ɗiya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Alamominmu na gida ba su wuce na abinci da barci da wanka ba, kuma yanzu na ga ba za su ɗauki karatu ba. Ranar Litinin zan je makarantar kusa in yi tambayar da Malam ya ce, sannan mu ziyarci ta kuramen tare da ita.